Wanda ya kashe mutum saboda ƙabilarsa, yana gyaruwa kuwa?

Ɗan Rigasa: Ni fa tun abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025 na rufe babin nan a zuciyata. Mutum 16, mafarauta, za su gida Kano hutun salla, aka sauke su daga mota aka ƙone su ana ɗaukar bidiyo. Duk wanda ya iya tsayawa ya yi wannan ba ya gyaruwa wlh, mugun iri ne, a hukunta shi kawai a huta. Masu cewa wai a zauna a fahimci dalili ɓata bakinsu suke.

Malama: Ɗan Rigasa sannu, abin da ciwo. Amma ka ga "mugun iri" ɗin nan da ka ce, da ita ake fara kowane kisa irin wannan, su ma can abin da suka faɗa a kan mu ke nan. Kuma in za mu yi adalci, ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a 2022 da matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a 2021, duk salo ɗaya ne: jita-jita, taro, sai wani ya fara jifa. Kowane ɓangare yana da nasa.

Ɗan Rigasa: Malama ban ce namu ba sa yi ba. Namu ma a hukunta su. Maganata gyara ce, ba ta yiwuwa.

Lauya: Ni a ganina duk talauci ne da zaman banza. Yaron da ya tashi da safe yana da shago ko gareji da zai je ba shi da lokacin bin zuga. A ba su aiki ku ga in ba a daina ba.

Malama: Barista wannan ita ce amsar da kowa ke fara kawowa, ɗalibaina ma ita suke rubuta min a jarrabawa, kuma tana da ɗan gaskiya amma ba ta kai ba. In talauci ne kaɗai da ƙauyukan da ba su da ko rijiya sun fi kowa kisa. An taɓa bincike a birnin New York aka wallafa a 1998, masu binciken suka ga ba yawan marasa aikin yi ke nuna inda za a kai hari ba, an fi kai harin a unguwannin da fararen fata suka daɗe su kaɗai sai baƙi suka fara tarewa, wato mutum yana jin unguwarsa ce ake ƙwace masa. Ku ɗora wannan a kan Jos da rigimar ɗan ƙasa da baƙo tun 2001 ku gani ko bai zauna daram ba. Sannan wasu malamai biyu, Jack Levin da Jack McDevitt, sun bi fayilolin 'yan sandan Boston suka kasa masu laifin gida huɗu: masu neman nishaɗi da burge abokai, masu ganin suna kare unguwarsu, masu ramuwa, sai masu ganin aiki ne aka ɗora musu. Kusan kashi biyu cikin uku 'yan rukunin farko ne, samari cikin gungu. Na ƙarshen nan, masu aƙidar gaske, ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Lauya: To Boston daban Kaduna daban fa Malama.

Malama: Na yarda, ba zan ɗauko lissafinsu in liƙa mana ba, mu nan ramuwa ta fi ƙarfi, kuma akwai 'yan siyasa da masu lasifika a baya. Amma kason ya taimaka, don maganin ɗan bi-taro ba shi ne maganin mai shirya taron ba.

Baba Gandiroba: Salamu alaikum 'ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da makulli, kuma bayan kowace tarzoma ana kawo mana su mota-mota. Abin da idona ya gani shi ne, wanda ake kawowa ba shi ne ya sayi fetur ba, yara ne 'yan sha bakwai sha takwas, daren farko za ka ji ana kukan uwa a ɗaki, ka tambaye shi me mutumin ya yi maka ya ce wallahi Baba ban ma san shi ba, na ga ana gudu ne na bi. Akwai wanda na haɗa ɗaki da wani yaro na ɗaya addinin don ba mu da wuri, na kwana ban yi barci ba ina tsoron a wayi gari da gawa, bayan wata biyu kwano ɗaya suke cin gabza, in an kawo wa ɗaya abinci daga gida sai ya ajiye wa ɗayan. Amma kuma na ga wanda ya shigo yaro ya fita ƙasurgumi saboda mun zuba shi cikin manyan 'yan fashi shekara huɗu ba a ko kai shi kotu ba. An canza mana suna a 2019 zuwa gidan gyaran hali, amma fiye da rabin na ciki jiran shari'a suke, wa za ka gyara alhali ba a ma ce ya yi laifi ba?

Ɗan Rigasa: Baba ranka ya daɗe, kukan uwa a daren farko ai tsoro ne ba tuba ba.

Maman Ummi: Ni dai ina karanta ku ne kawai raina yana ɓaci. A rikicin Kaduna na 2000 aka kashe yayana, gidanmu yana kudancin gari lokacin, muka tsallako kogi da kayan jikinmu, har yau ba wanda aka kama balle a ce an yanke masa hukunci, mahaifiyarmu ta rasu tana tambaya. Yanzu kuna ta maganar a koya musu sana'a a ba su keken ɗinki, mu wa ya ba mu? Haka aka yi da tubabbun Boko Haram a Malam Sidi can Gwambe tun da aka fara shirin a 2016, an yaye su da jari, waɗanda suka mayar marayu suna sansanin gudun hijira suna layin abinci.

Malama: Yaya Allah ya jiƙansa, ba ni da amsar da za ta share miki wannan. Kuma abin da kika faɗa shi ma dalili ne babba, rashin hukunci yana koya wa na baya cewa ba komai. Tsallake kogin nan ma wani dalilin ne. Mu mun yi makaranta da 'yan kowane ɓangare, yaran da aka haifa bayan rikicin 2000 da na 2002 wani har ya girma bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da aka tura masa a WhatsApp a kansu sai ya hau kai ya zauna.

Ɗan Diffa: Mu ma a Nijar an buɗe cibiya a Gudumariya a 2017 ta tubabbu, ƙorafin ɗaya ne da na Maman Ummi. Amma ku duba Ruwanda, an kashe wajen mutum 800,000 a kwana 100 a 1994, ba su ce a yafe kawai ba. Manyan da suka shirya aka kai su kotun duniya da ke Arusha da manyan kotuna, sauran aka zaunar da su a kotunan gargajiya da ake kira gacaca a gaban 'yan garinsu, shari'a kusan miliyan biyu kafin a rufe a 2012. Sai ka faɗi abin da ka yi, ka nuna inda gawa take, sannan a rage maka hukunci ka yi aikin gayya. Akwai ƙorafi a kai, wasu tuban baki suka yi don a sake su, amma aƙalla mai gawa ya ji daga bakin wanda ya yi.

Lauya: Mu dokarmu ma ba ta ware kisan ƙiyayya daban ba, a Arewa sashe na 221 na Penal Code ake bi kamar kowane kisan kai, matsalar shaida ce, unguwa guda ta gani amma ba mai zuwa kotu.

Baba Gandiroba: Ɗan Rigasa kai da ka yi allo, mutumin nan da ya kashe rai 99 ya cika na 100 da wanda ya ce masa ba shi da tuba, me malamin gaskiya ya ce masa? Ya ce ka bar garinku don mugun gari ne, ka koma wurin mutanen kirki. Mu kuwa sai mu sallami yaro mu mayar da shi majalisar da ta zuga shi. Kuma nan Kadunan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ai shugabannin matasa ne masu gaba da juna, Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, daga 1995 suka haɗu, su ne suka je har Yalwan Shandam sasanci bayan rikicin 2004.

Maman Ummi: Baba, Wahshi ma an karɓi musuluncinsa bayan ya kashe Sayyidina Hamza, amma Annabi (SAW) ya nemi ya ɓoye masa fuskarsa. A gyara su in za su gyaru, amma kar a ce dole sai na zauna da su layi ɗaya, kuma yafiya a shari'a ta masu jini ce ba ta gwamna ba.

Ɗan Rigasa: To na sauko kaɗan a kan yaran Baba, bayan sun yi zaman da aka yanke musu. Amma mai jarkar fetur da mai riƙe da waya yana dariya, ina nan kan bakana.

Malama: Mai riƙe da wayar fa a rukunin farko yake na masu neman nishaɗi, shi ne ɗan bi-taron da kake cewa ka sauko a kansa.

Ɗan Rigasa: To na janye sassaucin, ɗan bi-taron ma a mayar da shi wajen mai jarka.