Katin zakka a gidan makoki

Saratu: Salama gare ku. Raina a ɓace yake. Kwana uku da binne Baba, wani dattijon ikkilisiyarmu ya zo gaisuwa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba, ya ciro katin zakkar Baba, inda ake sa hannu in mutum ya biya zakkarsa a coci, ya nuna wa Mama, wata takwas babu sa hannu, wai yana tsoron inda mamacin ya sauka. Mutumin da ya shekara kwance da ciwon ƙoda! Ashe da kati ake shiga Mulkin Sama? Ceto kyauta ne, a duba Afisawa 2:8-9.

Bitrus: Sannu da rashi, ƙanwata. Amma "kyauta" ɗin nan ita ta lalata mana matasa. Asabar suna mashaya, Lahadi suna waƙa a coci. Yakubu 2:26 ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce.

Ladi: Yaya Bitrus, kalmar ta Manzo Bulus ce, ba Saratu ta ƙago ta ba.

Bitrus: Littafi Mai Tsarki nawa "baiwa" ya ce, ba "kyauta" ba. Baiwa akan tambaye ka abin da ka yi da ita, kyauta kuwa ko yaro a hanya ana miƙa masa.

Ladi: Na wayata "kyauta" ya ce. Kuma ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23:43, nawa ya biya kafin Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar?

Maman Tabita: Ladi, ke da Littafin waya za ki gyara wa yayanki? Mu da na takarda muka yi baftisma.

Ladi: Mama, ban raina kowa ba, aya na kawo.

Yohanna: Mu Katolika mun daɗe muna riƙe da Yakubu. Martin Luther, uban 'yan Furotesta, shi ne ya kira wasiƙar Yakubu ta ciyawa a 1522, ga shi yau 'ya'yansa suna neman ta.

Istifanus: Malam Yohanna, a bar Luther ya huta. Me ya sa ya tashi a Wittenberg a 1517? Ba takardun yafe horon zunubi ake sayarwa da kuɗi ba? Ni ɗan LCCN ne, ikkilisiyar mabiya Luther, daga Numan, ba a gabana ba.

Yohanna: To shugabanninku da namu sun sa hannu a Augsburg a 1999 cewa da alheri ake barata, wato mutum ya zama marar laifi a gaban Allah. Kai ne ba ka ji ba.

Istifanus: Na ji. Sai bayan shekara kusan 500 kuka yarda.

Saratu: Jama'a, maganar Baba fa nake yi. Mama ba ta ci abinci ba tun jiya.

Maman Tabita: 'Yata, ki yi haƙuri, amma ba a kawo dattijo kasuwa. Fasto ya kamata ki samu.

Bitrus (mai kula da zaure): Na rufe nan. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda "baiwa" ce daidai, kuma baiwa tana da hakki a kan mai ita, zakka na ciki kamar yadda Malakai 3:10 ta nuna. Ladi ta kawo ɓarawo, amma shi lokaci ne bai samu ba. Rigimar Luther a kai ta wani zaure. Ƙanwata Saratu, ki gaida Mama, Zumuntar Mata za su shigo ranar Alhamis da yamma.