Sake rubuta tsohon labari: fasaha ce ko cin gumin wani?

Malam Tanimu: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. A 2023 littafin Barbara Kingsolver, Demon Copperhead, ya ci kyautar adabi ta Amurka mai suna Pulitzer, alhali ƙashin bayansa na David Copperfield ne, wanda Charles Dickens ya fitar tun 1850. A 2025 kuma James na Percival Everett ya ci, shi ma a kan Huckleberry Finn na Mark Twain ya hau. Ni a ganina cin gumin mamata ne kawai. Wani ya yi noma, wani ya kwashe hatsi.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka karanta James ɗin kuwa?

Malam Tanimu: Na kai rabi, Hajiya.

Maman Ilham: To ka daure ka ƙarasa. A wajen Twain, yaron nan Huck ne ke ba da labari, Jim kuwa bawa ne da ke binsa a kan kogin Misisipi. Everett ya miƙa wa Jim, wato James, bakin magana. Akwai inda yake zaunar da yaran bayi yana koya musu yadda za su karya harshe a gaban fararen fata, don kada a gane zurfin saninsu. Akwai kuma guntun fensirin da wani bawa ya sato masa, aka kashe wanda ya sato ɗin a kan haka. Sai da na ajiye littafin na share hawaye. Ko ɗaya cikin waɗannan babu a na Twain.

Ɗan Maraɗi: Mu da muka yi boko da Faransanci mun san zafin abin. A littafin Albert Camus na 1942, Bature ya harbe Balarabe a bakin teku, harsashi biyar, kuma har aka gama ba a faɗi sunan mamacin ba. A 2013 Kamel Daoud ɗan Aljeriya, a nasa littafin, ya ba shi suna Musa, ya ba shi uwa, ya sa ƙanen mamacin, Haruna, ya yi magana. Shekara 71 mutum ba suna, Malam.

Malam Tanimu: Na ji, waɗannan biyun sun sauya mai ba da labari. Kingsolver fa? Sawu da sawu ta bi Dickens, har Uriah Heep, mugun cikin littafin Dickens, ta mayar da sunansa U-Haul.

Yaya Sa'a: Malam, da girmanka, me za ka ce da Abubakar Imam? Magana Jari Ce cike yake da labaran da ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu rawani da babbar riga. Wa ya taɓa ce masa ɓarawo?

Malam Tanimu: Imam ya kawo wa mutanen da ba su da hanyar karanta na asali ne. Ita kuwa Turanci ta ɗauka ta mayar Turanci.

Maman Ilham: Amma ta kai shi jihar Bajiniya ta Amurka a wannan zamanin, inda ƙwayoyin kashe zafi irin su OxyContin suka mayar da yara marayu. Kuma ba ta ɓoye ba, a ƙarshen littafin ta yi wa Dickens godiya.

Malam Tanimu: Godiya daban, ƙirƙira daban. James zan ƙarasa shi a makon nan in sha Allah, amma a kan Kingsolver ina nan a kan bakana.