Neman shawara: ina ya dace mai cikin fari ta je awo da darasin shirin haihuwa a Gombe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ɗauke da cikin fari, yana cikin wata na uku, kuma ina zaune a Tumfure. Na rasa inda zan yanki katin awo, domin ina son wurin da za a koya mini abin da zan tarar ranar naƙuda, ba a auna ni kawai a sallame ni ba. Akwai babban asibitin gwamnati da ake faɗakar da mata da safe kafin awo, akwai ƙaramin asibitin unguwarmu, akwai asibitin kuɗi mai aji na musamman ranar Asabar, sannan wata mata tana koyarwa a WhatsApp idan an biya. Ga shi mahaifiyata ta ce a wata na bakwai zan koma Bajoga goyon ciki, ni kuwa kunya ba za ta bar ni in yi mata irin waɗannan tambayoyi ba.

Ungozomar asibiti mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raba lafiya. Kada neman ajin da ya fi kyau ya sa ki jinkirta yankar kati, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, kuma zuwan farko ya kasance cikin makonni 12 na farko. Darasi yana tafiya ne tare da awo, ba ya maye gurbinsa. Duk inda kika zaɓa, ki lura ko ana gwada hawan jini a kowane zuwa, ko ana duba fitsari da yawan jini, ko ana ba da maganin ƙarin jini da allurar tetanus, da kuma Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake farawa daga mako na 13, a bar tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha.

Darasin kirki kuwa ana gane shi ne idan mace ta fito tana iya lissafa alamun da ba a kwana da su a gida: zubar jini, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, da raguwar motsin yaro. Waɗansu daga cikinsu su ne ke gabatar jijjiga irin ta hawan jinin masu ciki, wadda ta fi kama masu cikin fari. Ajin da ya tsaya kan jerin kayan jarirai bai ba ki komai ba.

Uwar yara huɗu, daga Pantami: Mama ta faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari game da babban asibiti. Faɗakarwar tana da amfani, amma mata sun yi yawa, ana zaune a benci an matsu, kowace da katinta da kwalbar fitsarinta a hannu, hankalinta na kan kada a tsallake lambarta. Malama tana bayani da ƙarfi, a yi 'yar waƙa a tafa, amma mai cikin fari ba za ta iya ɗaga hannu a gaban jama'a ta yi tambayar da ke cin ranta ba. Ƙanwata, ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, ki fito da ita lokacin da kika shiga ɗakin awo ke da malama kaɗai. A ƙaramin asibiti an fi samun wannan sarari, kuma idan suka ga wata matsala su da kansu za su tura ki babba.

Wata malamar makaranta: A ganina batun Bajoga shi ne kan gaba, tunda can za ki haihu. Da zarar kin koma, ki kai katinki da sakamakon gwaje-gwajenki asibitin da za ki haihu, ki ci gaba da awo a wurin, ki kuma tambaya ko akwai ma'aikata da dare da kuma inda suke tura mace idan ana buƙatar tiyata ko ƙarin jini. Doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, lalurar da har cibiya ta ƙasa aka kafa dominta a Ningi. Ki lallaɓa Hajiyarku ta raka ki faɗakarwa ko da sau ɗaya ne, saboda ita ce za ta yi miki jego. Gara ta ji daga bakin malaman asibiti cewa ba a zubar da dakashi, cewa nono zalla ake bai wa jariri har wata 6, cewa maganin asibiti ake shafa wa cibiya, kuma yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego suna wahalar da zuciya. Idan ke kika faɗa, za a ce yarinya ta zo da boko.

Wani magidanci: Ƙanwata, ki sa maigidanki a cikin shirin. Shi ne zai tanadi kuɗi, da lambar mai motar da za a kira da tsakar dare, da 'yan'uwan da za su ba da jini, ya kuma bar izini a fili cewa a kai ki asibiti ko ba ya gari.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Mama, ajin Asabar da na WhatsApp fa?

Ungozomar asibiti mai ritaya: Na Asabar babu laifi idan kuna da hali, muddin ungozoma ko likita ne ke koyarwa, ana kuma ba da lokacin tambaya. Na waya kuwa ki fara sanin wace ce malamar da inda take aiki, kuma idan darasin ya ƙare da tallar tsimi ko maganin zaƙi, ki fita. Ki je asibitin unguwarku cikin makon nan, ki nemi a gwada rukunin jininki, domin idan mai alamar ragi ne (wato negative) akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma ya kamata asibitin Bajoga ya san da haka tun kafin ranar.