Wace doka ce ke kare ɗalibai masu neman jinsi ɗaya a makarantun Amurka?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum. Na fara koyarwa a wata makarantar gwamnati a jihar Minnesota, kuma a taron malamai an ja kunnenmu cewa kada mu kau da kai idan muka ga ana tsangwamar ɗalibi saboda yana neman jinsinsa ko ya sauya jinsi. Sai dai na ji ana cewa an soke wannan kariya a 2025. Wace doka ce ke aiki a kaina yanzu?

Ɗalibin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Dokar tarayya da ake magana a kai ita ce Title IX ta 1972, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, amma ba ta ambaci waɗannan ɗalibai kai tsaye ba. A 2020, a shari'ar Bostock, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli sun yanke cewa korar ma'aikaci saboda neman jinsi ko sauya jinsi nuna bambancin jinsi ne, sai dai hukuncin ya shafi wurin aiki ne. Gwamnatin Biden ta faɗaɗa wannan fahimta zuwa makarantu da ƙa'idojin da ta fitar a 2024, kana wani alƙalin tarayya a Kentucky ya soke su a Janairun 2025. Ƙa'idojin ne suka faɗi, dokar kanta tana nan, kuma kotuna ba su daina saɓani kan iyakarta ba.

Tsohuwar Malama:
Ƙanwata, a ganina wannan taƙaddama ba ta canza aikinki ba, domin dokar jiha ce ta fi kusa da ke. Tun 1993 Minnesota ta sanya waɗannan mutane cikin dokarta ta kare haƙƙin ɗan Adam, sannan dokar hana cin zali a makarantu ta 2014 ta ambace su ƙarara, ta kuma ɗora wa ma'aikacin da ya shaida abin alhakin ɗaukar mataki. Idan kin ji ana jifan yaro da munanan sunaye a aji ko a ɗakin cin abinci, ki tsawatar nan take, ki rubuta rana da ainihin kalaman, ki miƙa wa jami'in da makarantar ta naɗa.

Baban Yara:
Malama, idan batun addini ne ke damun ki, a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayan wasu iyaye a Maryland, ciki har da Musulmi, da suka nemi a bar su su janye 'ya'yansu daga darussan da ake karanta littattafan da suka ƙunshi batun neman jinsi ɗaya da sauya jinsi. Hukuncin ya tsaya ne kan haƙƙin iyaye game da abin da ake koya wa 'ya'yansu, bai sauke wa malami nauyin kare ɗalibin da ake zalunta ba.