Fodkas a kan ƴan cin rani: da mi zan fara?

Ibro Tawa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina son in fara fodkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, a kan ƴan cin rani na Adar. Tsofaffinmu da suka yi Abijan da Kumasi da Libiya su ba da labari da bakinsu, haka ma iyayenmu mata da aka bari da riƙon gida. Salula ce kawai gare ni, Android. Da mi zan fara, kuma ina ake ɗora shi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ƙanena, aikin nan ya daɗe yana neman mai yi. Salular ta isa. Ƙara mata mikro na maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1. Igiyarsa mita 6 ce, kana zaune nesa kaɗan tsoho ba ya jin an matsa masa. Duba ko salularka na da ramin abin sauraro na kunne, in babu sai ka haɗa da ƴar mahaɗa ta USB-C.

Amma ɗaki ya fi mikro muhimmanci. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa-kuwwa, murya ta riƙa fita kamar daga cikin rijiya. Nemi ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa da labule. Kashe fanka, sa salula a yanayin jirgi, ka maƙala mikron kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. Da hantsi ya fi, kafin zafi ya sa a buɗe ƙofa kabu-kabu su cika maka aiki da ƙara.

Musa Wadata: Ni dai na ce ya tara kuɗi ya sayi na'urar naɗar murya Zoom H1n. Batiri biyu ƙanana take ci, ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma kira ba ya katse ta.

Malam Sani: Na'ura ce mai kyau, Musa, ban musa ba. Sai dai in ya tsaya tarin kuɗi, wasu daga cikin tsofaffin nan ba za su jira shi ba. Ya fara, in shirin ya kama ƙasa ya saya.

Hajiya Rabi: Ibro ɗana, ga tawa. Kafin ka danna komai ka faɗa wa mutum ƙarara cewa muryarsa za ta kai har Abijan, ka kuma naɗi amincewarsa a farkon hirar. Labarin cin rani cike yake da bashi, da aure a can wanda gida ba a sani ba, da waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Tsoho in hira ta yi daɗi yakan ambaci sunan da bai kamata ba. Cire shi. Wajen mata kuwa tafi da ƙanwarka ko innarka, ita ta yi tambayar, za ka ji abin da kai ba za a faɗa maka ba. Kar ka je hannu sake, ko goro da sukari ne.

Ibro Tawa: Na gode Hajiya, wallahi wannan bai zo mini a rai ba. To gyaran murya fa?

Musa Wadata: Manhajar Audacity a kwamfuta, kyauta ce. In ba kwamfuta, Lexis Audio Editor na yanka da haɗi a salula. Wurin ɗorawa kuma Spotify for Creators, wanda da ake kira Anchor. Shi ma kyauta ne, zai ba ka adireshin RSS, wato adireshin da manhajoji ke ɗauko shirin daga gare shi, da za ka miƙa wa Apple Podcasts da YouTube. Kar ka wahala neman Google Podcasts, an rufe shi a 2024. Hoton shirin ya zama murabba'i, aƙalla ɗigon hoto (pixel) 1400 a 1400.

Zalika: Yaya Musa, duk wannan daidai ne don ajiya, kar aiki ya ɓace ran da salula ta faɗa ruwa. Amma su wa za su saurara? Ƴan'uwanmu da ke unguwar Ajame ta Abijan da iyayensu da ke ƙauyukan Illela da Bagarawa, a WhatsApp suke, cikin zaurukan gari-gari. Mai mega kaɗan ba ya buɗe abu mai nauyi. Ibro, fitar da shi MP3, mono (layin sauti ɗaya), ma'aunin nauyin sauti 64 kbps. Minti 15 zai tsaya wajen mega 7, a 128 kuwa ya ninka, alhali maganar baki ba ta buƙatar haka. Ka faɗi sunan shirin da lambar kashi a farko da ƙarshe, don in an yi ta turawa rubutun da ke ƙasa ɓacewa yake, muryar ce ke saura. Kai wa masu tura waƙoƙi a kati a tasha su ma, kyauta.

Malam Sani: Zalika ta gama magana. In ƙara da rediyon karkara: kai musu kashi biyu ko uku da ka gama, su ji da kunnensu. Ka riƙa sauraren shirin rediyo na Studio Kalangou kuma, sashen Hausa, ka lura da yadda suke gajarta tambaya su bar mai magana ya yi.

Hajiya Rabi: Kiɗan buɗe shiri fa, kar ka ɗauko waƙar wani. Haƙƙinsa ne, BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar, don haka take, YouTube ma na iya toshe maka. Samu mai gurmi a nan Tawa ya kaɗa maka daƙiƙa 20, ka biya shi, ku yi magana a gaban shaida.

Ibro Tawa: Allah ya saka da alheri. Zan fara da wan babana, ya yi shekaru yana sayar da kaya a unguwar Tireshbil ta Abijan. Ran Asabar in sha Allahu.

Malam Sani: To kafin Asabar naɗi minti biyu a ɗakin da za ku zauna, da mikron a wuyanka, ka turo nan mu ji ko akwai amsa-kuwwa. Ka je da salula cike da caji, ka kuma share hotuna don wuri ya samu.