Bidiyon 2007: me kuka gani a unguwanninku?

Malama Tsohuwar Alli:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka yi wayo a shekarar 2007 su faɗi abin da suka gani da idonsu lokacin da bidiyon tsiraicin wata 'yar fim ya bazu a Kano. A lokacin ina koyarwa a makarantar sakandaren 'yan mata, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kowa ya haddace sunan yarinyar, jaridu da gidajen rediyo suna ta nanata shi, amma namijin da ya ɗauki bidiyon da wayarsa ba a cika ambatonsa ba.

Mai Rumfar Caji:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina da rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a wancan lokaci, intanet kuwa sai an je kafe, saboda haka ta Bluetooth da memori abin ya riƙa yawo. Samari ba su ba ni mamaki ba. Waɗanda suka ba ni mamaki magidanta ne masu furfura, da suke zuwa su rage murya su tambaye ni ko ina da "wannan abin", sannan da yamma in tarar da su a majalisa suna tsine mata suna cewa 'yan fim sun lalata tarbiyya. Na tura wa mutum biyu kafin zuciyata ta ƙi, kuma har yau ina istigfari.

Yar Kwalliya:
Malama, mu ne muka ɗanɗana kuɗarmu. Kwalliya nake yi wa 'yan wasa a lokeshan, fuskata ba ta taɓa fitowa a fim ba, amma da aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka kuma naɗa Malam Abubakar Rabo ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, sana'ata ta tsaya cak. Rashin aikin ma da sauƙi. Mai gidan da muke haya ya ba mahaifiyata notis, yara suka riƙa bina da kalmar da ba zan rubuta a nan ba, dangin wanda zan aura kuma suka aiko a mayar musu da kayansu. Abokan aikinmu maza, masu kyamara da masu haɗa sauti, sun rasa kuɗin shiga kamar mu, sai dai ban ji wanda aka fasa ba shi mata ba.

Ɗan Damagaram:
Har nan Damagaram ya iso, ta hannun masu zuwa sarin kaya Kano. Mahaifinmu ya ƙwace wayar yayata a ranar, ya bar mini tawa, alhali a tawa bidiyon yake.

Malama Tsohuwar Alli:
Allah ya saka miki, 'yata. Mu ma a makarantarmu iyaye sun zo sun cire 'ya'yansu daga ƙungiyar wasan kwaikwayo, daga yarinya talatin muka koma huɗu, kuma wasan da muke shiryawa a kan rigakafin shan inna ne.