Ƙoƙon bayan ɗan kunkuruna ya fara tudu-tudu, fitila ce ko sanyi?

Bakano_a_Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. Na sayowa yarana ɗan ƙaramin kunkuru wajen wani mai kiwonsu anan Ingila, irin namu na gida ne wanda turawa suke cewa sulcata, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Yana cikin akwatin katako mara murfi a falo kusa da taga, ƙasan yashi ne, sai kwan fitila ɗaya mai zafi da aka haɗa min dashi. To tunda sanyi ya shigo muka fara kunna hitar gida sai ya rage cin abinci, da safe idonsa a rufe sai ya jima kafin ya buɗe, kuma ƙoƙon bayansa da yake sumul yanzu kowane gida ya fara tasowa yana tsini. Wani yace in ƙara zafi wani yace in dinga fesa ruwa, ni kuma a sanina dabbar sahara ce me ya haɗa ta da ruwa? Yaran sun shaƙu dashi sosai wallahi bana so ya mutu a hannunmu. Wace fitila zan saya, zafi nawa, kuma maganar ruwan nan gaskiya ce?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Harkar fitila zan bar ma masu ita, amma maganar sahara ɗin nan bari in gyara maka don mu a ƙasarmu suke. Kunkurun nan ba cikin tudun rairayi yake zaune ba, ɗan sahel ne, inda ake samun ciyawa da ƙaya, tun daga Senegal ya biyo Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi da Sudan har Eritiriya. Kuma in rana ta take ba zaka ganshi a fili ba, rami yake tonawa mai tsawon mita da yawa ya shige, can ciki ƙasa tana da sanyi-sanyi da laima ko da waje iska tana tsaga leɓe. Fitowarshi da sassafe ce ko da marece. Sannan ƙwan nasu da rani ake binne shi, ƙananan kuma sai wajen faɗuwar damina suke fitowa, lokacin ƙasa ta jiƙe ciyawa ta tsiro ko'ina. Kaga kenan ɗan kunkuru cikin danshi yake buɗe ido, bai san bushewa ba sai ya yi ƙwari. Wanda yace maka ruwa shine yake kan hanya.

Mai_Kiwo_Houston:
Malam abinda Ɗan Damagaram ya faɗa shine tushen maganar. Wannan tsinin da kake gani bushewa ce babban sanadinsa, a 2003 an wallafa wani bincike da akayi a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana a ƙasar Ostiriya akan ƴaƴan irin wannan kunkurun, aka raba su rukuni-rukuni wasu a busasshen waje wasu a mai laima, na busasshen wajen sune bayansu yafi tasowa, yawan furotin a abinci da kowa yake ɗorawa laifi sai ya zama tasirinsa kaɗan ne. Kai kuma ga hitar gida tana shanye iska ga kwan fitila yana gasa bayansa daga sama ga akwati a buɗe, ko ka fesa ruwa yanzu kafin ka sha shayi ya bushe.

Don haka farko ka rufe akwatin. Ko ka nemi irin mai ƙofar gilas ta gaba ko ka yiwa naka murfi ka bar ƴan kafofin iska, fitilun su kasance daga ciki. Ka kwashe yashin nan gaba ɗaya, yana shiga ido kuma in ya haɗiye shi tare da abinci yana iya toshe masa hanji. Ka zuba garin ɓawon kwakwa ko ɓawon itace irin wanda masu shuka fulawar okid suke amfani dashi, da kauri kamar santimita 8 zuwa 10, ka zuba ruwa a kusurwa ka juya yadda in ka matsa a hannu zakaji danshi amma ruwa baya ɗiga. Laimar da ake nema wa ƙarami kashi 70 zuwa 80 ne, ka sayi ƙaramin ma'aunin nan mai batir da yake nuna zafi da laima tare, ka ajiye shi a ƙasa daidai tsayin kunkurun ba a jikin bango can sama ba.

Zafi kuma kashi biyu ne. Ƙarƙashin fitilar da yake shan ɗumi digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos, sauran akwatin 27 zuwa 30, da dare kada ya sauka ƙasa da 26. Nan ɗin ka riƙe shi da kyau, laima da ɗumi lafiya ce amma laima da sanyi ita take kawo musu ciwon huhu, in baka gyara zafin dare ba kar ma ka fara jiƙa ƙasar. Na dare ka sa hitar nan ta tangaran wadda ake murɗawa kamar kwan fitila amma bata haske, a soket na tangaran don na roba narkewa yake, kuma lallai ka haɗa ta da tamostat, na'urar da take kunna ta da kashe ta gwargwadon zafin akwatin. Jan kwan fitila ko shuɗi na dare bana so, dabba tana buƙatar duhu tayi barci.

Sai UVB, wato wani sashe na hasken rana da ido baya gani amma jikinsa yana buƙata, wanda naga baka ambata ba kwata-kwata. Doguwar fitila zaka saya irin wadda ake kira T5 mai UVB kashi 10 ko 12, ka rataye ta kamar santimita 35 zuwa 45 daga bayansa gwargwadon abinda kamfanin ya rubuta a kwali, gefe ɗaya da fitilar ɗumi. Ka sa taima su kunnu awa 12 su mutu awa 12.

Alhajin Fagge:
Ikon Allah. Ni fa abin nan mamaki yake bani, gidan kakanmu akwai kunkuru tun muna yara har yau yana nan yana yawo a tsakar gida, ba fitila ba tamostat, ragowar tuwo da ɓawon kankana yake ci, kuma ƙato ne yara har hawansa suke. Anya ba masu shago ne suke so su cinye muku kuɗi ba?

Maman Ilham:
Alhaji ai naku rana yake samu kyauta tun safe har magariba, ga ƙasa da zai tona ya shige. Shi wannan bawan Allah a Manchester a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, wadda ma ta fito ba ƙarfi gareta. Duk abinda Allah ya bawa na Fagge a tsakar gida shi sai ya saya da kuɗi ya saka a akwati. Kuma Alhaji don Allah a rage bashi tuwo, cikinsu na ciyawa ne, a bashi ciyawa da ganyen yakuwa da rama da kabewa jefi-jefi, in ƙarami ne kuma da hunturu a shigar dashi ɗaki da dare don sanyin asubar Kano yana kama su.

Baban yara kai kuma ka dinga yi masa wanka kullum, ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba iya inda ƙoƙon sama da na ƙasa suka haɗu, kada ya kai hanci, minti 20 zuwa 30, zakaga yana dulmiya kai yana sha kuma yawanci anan yake kashi. Sannan ka ɗan danna cikinsa da bayansa a hankali da yatsa, in kaji ya yi laushi sosai yana lotsawa, ko kaga kumfa a hanci ko yana buɗe baki yana numfashi, to wannan ya wuce gyaran akwati, ka kaishi wajen likitan dabbobi wanda ya san masu rarrafe. Yaran kuma su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela.

Bakano_a_Manchester:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na ƙaru sosai. Tambaya biyu ta rage. Tunda yana kusa da taga kuma rana tana ɗan shigowa ba zata wadatar ba sai na sayi UVB ɗin? kuɗin wuta anan ba wasa bane. Sannan tudun da ya riga ya fito zai koma?

Mai_Kiwo_Houston:
Ba zata wadatar ba Malam, gilashin taga yana tare UVB kusan duka, haske da ɗan ɗumi kawai yake bari su wuce. Kuma da UVB ɗin ne fatarsa take haɗa bitamin D3, in babu shi ko ka barbaɗa masa garin kalshiyam kullum jikinsa ba zai ɗauka yadda ya kamata ba, ƙashi da ƙoƙo suyi laushi. Ka ma janye akwatin daga bakin tagar don da dare nan ne yafi ko'ina sanyi. Fitilar kuma ka rubuta ranar da ka sa ta a jikinta, bayan shekara ka canja ko da tana haske don UVB ɗin yana raguwa ido baya gani. Kuɗin wuta rufaffen akwati shine zai rage maka, zafin baya guduwa tamostat yana kashe hitar da kansa.

Tudun da ya fito ya zauna kenan, amma in ka gyara yanzu sabon ƙoƙon da zai tofo a tsakanin layukan zai fito a kwance, yana girma tsohon yana ƙanƙancewa a ido. Ka kuma fara shawara da uwargida tun yanzu akan wajen zama, irin nan sune na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya bayan na Galapagos da na Aldabra, namiji yana wuce kilo 50 kuma basa barcin hunturu kamar ƙananan na Turai, duk sanyi sai ka ɗumama masa. Nan da ƴan shekaru ɗaki guda ko rumfa mai hita zai nema. In ka gama haɗawa turo hoton akwatin da abinda ma'aunin ya nuna da asuba kafin fitila ta kunnu mu duba maka.